Kafaɗar Inna ta Hagu

Mu huɗu ne a cikin wannan labari. Akwai mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana zaune a unguwar Hajj Yusuf da ke gefen Khartoum tun da iyalinmu suka baro gonakin audugar Jazira. Akwai ƙanwata, autarta, wadda ta tashi a cinyarta, take cin abinci a kwano ɗaya da ita, take kuma mayar mata da magana son ranta. Akwai malamata, wadda dukanmu muke kira Ustaza, haifaffiyar Omdurman, ita ke koyar da zane da yankan tufafi a kwalejin da na shiga a Khartoum cikin shekarun farko na mulkin soja. Ta huɗun ni ce, 'yar farin Inna.

Wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san abin da zama 'yar fari ya ƙunsa. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ana yaye ni aka kai ni Omdurman wurin kakata ta wajen uba, a can na yi wayo, sai da tsohuwar ta rasu na dawo gidanmu ina budurwa. In Inna za ta ba ni abu, sai ta ajiye shi a bakin tabarma ta kau da kai. In tana son sanin lafiyata, sai ta tambayi ƙanwata, ina zaune ina ji: "Waccan ta ci abinci?" Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba, kuma ba ƙiyayya ba ce. Kunya ce da kakanninmu suka taho da ita daga ƙasar Hausa. Gidaje da yawa sun yar da ita a hanya, namu bai yar ba.

Inna ta yi ƙuruciyarta tana tsintar auduga, tana saɓa buhu a kafaɗar hagu zuwa wurin awo. Kafaɗar ta sauka, ta karkato gaba, allon kafaɗar dama kuwa ya taso. In za ta fita, tob ɗin da matan ƙasar nan ke naɗawa yana rufe mata komai. A cikin gida, inda take zama da riga kaɗai, wuyan kowace riga zamewa yake yi ta hagu. Tana wanki tana jan shi, tana tuƙa tuwo tana mayar da shi da gefen haɓa. Daga baya ta koma soka fil, tana haɗe wuyan rigar da shimi, har rigunanta duka suka yi rauni a wuri guda. Telolin unguwa sun gwada. Wannan ya rage wuya, wancan ya sa igiya, riga dai ta ci gaba da zamewa. Da na zaɓi wannan karatu na faɗa wa mutane dalilai iri-iri, amma abin da nake so ƙarami ne: in ɗinka wa Inna riga ɗaya da za ta zauna a jikinta.

Ustaza ba ta bar mu mun taɓa almakashi ba a shekarar farko. Takan tura mu tashar motocin kasuwar Suk al-Arabi mu tsaya mu kalli bayan mutane, washegari mu zana abin da muka gani, mu faɗi sana'ar mai bayan. Mai ɗaukar ruwa daban yake da mai zaman ofis, mai goyo daban take da mai talla a ka. Tef ɗin awo kuwa a aljihun tebur take kulle shi. Takan ce tef nisa yake faɗa, bai san karkata ba.

A shekara ta biyu ta buɗe mana babban ɗakin aiki. A ciki akwai mutum-mutumin ɗinki jere, irin wanda ba shi da kai ba shi da hannuwa, gangar jiki ce kawai a kan sandar ƙarfe. Mu goma sha huɗu ne a ajin, kowace ta sami ɗaya. Ƙa'idar Ustaza ita ce kowace ɗaliba ta zaɓi mutum ɗaya mai rai, ta kawo ta ɗakin, ta shafa jikinta da hannu har hannun ya haddace shi, sannan ta riƙa ɗora auduga a kan mutum-mutumin tana rufewa da damuriya, wato akokon ƙasar nan, har ya koma siffar wadda ta zaɓa. A kan wannan siffa za a koyi duk abin da ya rage har a kammala. Ta ce wadda ta san jiki ɗaya da gaske za ta iya karanta dubu, wadda kuwa ta fara da dubu ba za ta san ko ɗaya ba.

Da ta zo kaina tana riƙe da fil a baki, ta ce, "Ke wa kika zaɓa?"

"Mahaifiyata, Ustaza."

"Madalla. Ki kawo ta ranar Asabar."

"Ba za ta zo ba. Ko ta zo ma, ba zan iya taɓa ta ba."

Ta cire fil ɗin daga bakinta. "Ciwon fata gare ta?"

"A'a. Ni ce 'yar farinta."

Na yi ƙoƙarin bayyana mata da Larabci, bayanin ya fito a karkace, har wasu daga cikin 'yan ajin suka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce tun tana yarinya take maƙwabtaka da mutanenmu a Omdurman, tana cin ƙosansu, amma ba ta taɓa jin wannan ba. Sannan ta ce in zaɓi wata, in da gwaggo ko maƙwabciya.

Na ce, "Su rigunansu suna zama, Ustaza."

Ta mayar da fil ɗin bakinta, ta ce ta gefen baki, "Wace mota ake shiga zuwa Hajj Yusuf?"

Ta zo wata Juma'a bayan la'asar, ta ƙetare gada biyu a cikin motar haya, ƙafafunta duk ƙura. Inna ta rasa inda za ta sa kanta, ta dafa shayi ta sake dafa wani. Da suka shiga ɗaki su uku da ƙanwata, ni na zauna a waje a kan turmi, labule tsakaninmu. Ina jin Inna da Larabcinta na gona tana cewa, "Ustaza, me za ki yi da jikin tsohuwa? Auduga ta cinye mai kyan, saura ƙashi."

"Ƙashin nake so, Hajiya. Tsoka ƙarya take yi."

Ƙanwata ta ce, "Inna, miƙe mana. Ki tsaya kamar amarya, ana kallonki."

"Kada ki miƙe," in ji Ustaza. "Ki tsaya yadda kike tsayawa in ba kowa."

"In ba kowa ai kwanciya nake yi."

Suka yi dariya su uku. Daga nan sai motsin tufa kawai nake ji. Ustaza ba ta rubuta komai ba. Ta fito tana riƙe da hannuwanta a gabanta kamar wadda ta wanke su ba ta sami abin gogewa ba, ta ƙi karɓar kofin shayin da na miƙa mata, ta ce in biyo ta gobe da sassafe kafin hannun ya huce.

Washegari ta tsaya a bayana ta kama wuyan hannuwana biyu, ta riƙa kai su kan mutum-mutumin. "Nan akwai rami, cire. Nan ƙashi ya taso, ƙara. A'a, ba tudu ba ne, gangare ne." Muka yi watanni a haka. Ta koma Hajj Yusuf sau da dama ba tare da na roƙe ta ba, kowace dawowa sai ta gyara mini wani wuri. Wata rana ƙanwata ta biyo ni kwalejin don ta ga abin da ke hana ni dawowa da wuri. Ta shiga ɗakin tana tsokana, ta bi jerin da ido, ta tsaya a gaban nawa ta ɗan rusuna ta ce, "Ina wuni, Inna?" Ta fara dariya, sai dariyar ta tsaya mata. Ta zagaya bayansa ta daɗe tana kallo.

Ni kuwa a wannan ɗaki na fara ɗora tafin hannuna a gadon bayan mahaifiyata. Na san inda ƙashin wuyanta na hagu ya nutse, na san yadda haƙarƙarinta ya juya, na san cewa hammatar hagu ta fi ta dama matsewa. In na dawo gida na gan ta sunkuye a bakin murhu, sai tafin hannuna ya yi mini ɗumi, in shige ɗaki.

A farkon shekara ta uku na fara ɗora damuriya a kan siffar ina kafewa da fil, ina neman yankan rigar. A nan na gane abin da ya gagari telolin unguwa. Su suna yanka ɓarin hagu da na dama daidai, domin haka aka koya musu, su ninka yadi biyu su yanke lokaci guda. Jikin Inna kuwa sai an yanka wuyan rigar a karkace sannan zai fito daidai a ido, ɗinkin kafaɗar hagu kuma sai an ja shi baya an gajarta shi. Ranar da na samu, Ustaza ta kama gindin damuriyar ta ja, ta girgiza sandar ƙarfen da ƙafa, wuyan bai motsa ba. Ta ce, "Yanzu kin fara." Na je kasuwar Omdurman na sayo shuɗin yadi mai laushi. Ta hana ni yanka shi, ta kuma hana ni cire damuriyar daga jikin mutum-mutumin, domin hannun rigar na hagu bai zauna ba tukuna, kuma a wurinta ba a sauke aiki sai ya cika.

Duk wannan lokaci abubuwa suna ta canzawa a kwalejin, muna gani muna kau da kai. An fara da hana zana mutum yana zaune a gaban aji. Aka ce duk hoton da muka zana mu ja layi a wuyansa, wai don kada ya yi kama da mai rai. Aka ce in mun tashi aiki mu lulluɓe kowane mutum-mutumi da zane. Ustaza takan lulluɓe su da kanta, tana ce musu su yi haƙuri, sanyi ake yi. Sai wata rana wasu maza suka zo duba ɗakunan karatu. Ɗaya daga cikinsu ya ɗaga zanen da ke kan nawa da bakin alƙalaminsa, ya dubi ƙirjin da ya zube da bayan da ya tanƙware, ya saki zanen da sauri.

Ya ce, "Wannan siffar wace ce?"

Ustaza ta ce, "Ta mai tsintar auduga ce."

"Tana da miji?"

"Tana da 'ya mai karatu."

Ba a daɗe ba aka sallame ta tare da wasu malamai, aka ce don amfanin jama'a ne, kamar yadda ake cewa a lokacin. Ba ta yi sallama da mu ba. Mun zo da safe muka tarar da kwaɗo a ƙofar ɗakin aiki. Ta taga ana hango siffofin goma sha huɗu a lulluɓe, da gwangwanin fil ɗinta a kan tebur. Na yi ta bin ofisoshi ina roƙon a buɗe mini in ɗauki damuriyata kawai, wannan ya ce makullin na wurin wancan. Ana cikin haka aka rufe makarantu na tsawon lokaci.

Da aka buɗe, ɗakin ya zama ajin zama, da bencuna da allo. Sandunan ƙarfen na same su a bayan ɗakin ajiya, tsirara, sun fara tsatsa. Mai gadi ya ce audugar an ba wani mai katifa. "Auduga ce mai kyau, 'yata, a bar ta ta lalace?" Damuriyar kuwa masu shara sun yi tsumma da ita. Na tafi gidan Ustaza a Omdurman, wata maƙwabciya ta leƙo ta ce ta koma Masar wurin ɗanta, ba ta san unguwar ba.

Malamin da aka kawo mana matashi ne mai ladabi, kuma ban taɓa ganin mugunta a tare da shi ba. Rini da ilimin zare ya karanta, aka ce ya koyar da yanka. Yakan tsaya a gaban allo da ɗan littafi yana yi mana shifta, muna rubutawa. Mun rubuta ma'anar wuyan riga da ire-irensa. Mun rubuta cewa jikin mace kashi uku ne, ƙarami da matsakaici da babba, kowanne da lambobinsa, muka haddace. Yadi ya yi tsada, saboda haka a kan tsofaffin jaridu muke yanka, mu manna su a kwali mu miƙa a ba mu maki. Darasin da ya fi maimaitawa shi ne tufar kirki ita ce wadda ba ta siffanta jiki.

Wata rana na ɗaga hannu na ce, "Malam, in kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka, yaya za a yi da wuyan rigar?"

Ya duba littafin, ya juya shafi, ya dawo. Ya ce, "A faɗaɗa."

"In an faɗaɗa ai zamewa zai ƙara yi."

"To a sa mayafi a kai."

Ba gatse ya yi mini ba, iyakar abin da ya sani ke nan. Duk tambayar da aka yi masa a shekarar, amsarta a faɗaɗa. Aikin kammalawarmu abaya ce, aka rataye su a jikin ƙusa, masu jarrabawa suka duba tsaftar ɗinki da tsawon hannu. Ina da saurin hadda da kyan rubutu, na fita da sakamako mai kyau.

A gida na gwada mayar da abin da ya ɓace. Na ɗaure matashin kai a jikin taɓarya, na sayo auduga, na rufe ido ina neman ramin ƙashin wuya da gangaren baya. Allon kafaɗar dama ya zo mini, sauran ya ƙi. Hannun Ustaza ne ke kai nawa, ashe rabin haddar a wurinta take. Kullum na sake gwadawa sai in ga abin da na tuna jiya ya ragu.

Sai na aiki ƙanwata ta roƙar mini Inna, ta bar ni in shafa kafaɗar sau ɗaya, ko ta kan riga. Ina tsakar gida ina jinsu.

"Inna, Yaya ta ce ki tsaya mata ta taɓa kafaɗarki. Aikinta ne fa, digiri gare ta."

"Ke ba ki da hannu ne?"

"Hannuna ba na jami'a ba ne. Wai ku wace irin kunya ce wannan? A Sudan muke, Inna. Ita fa daga cikinki ta fito."

"Shi ya sa."

"To ni daga ina na fito, daga cikin tulu?"

"Ke bakinki ya riga ki fitowa. Tashi ki ba ni wuri." Sannan ta ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Na haife ta, ban raine ta ba. Kada ta sa ni jin nauyi da tsufana. Abin da malamar nan ta ɗauka bai isa ba?"

Ba wanda ya gaya mata abin da aka yi da mutum-mutumin, ni ma ban bari a gaya mata ba.

Da Sallah ta matso na koma ga tef. Ƙanwata ta shiga ɗaki tana aunawa tana kiran lambobi, ni ina bayan labule ina tambaya. Na ce ta gaya mini yadda kafaɗar ta karkata, ta ce, "Ta karkata dai, Yaya. Karkata tana da lamba ne?" Na shimfiɗa shuɗin yadin, na zana da alli, na ja ɗinkin kafaɗar baya gwargwadon abin da nake zaton na tuna, na yanka. Ɗinkin ya yi tsafta, ba zare ko ɗaya a waje.

Inna ta sa rigar da safiyar Sallah. Ta zauna a bakin gadon igiya, maƙwabta suka fara shigowa gaisuwa. Ta miƙa hannu za ta karɓi farantin da wata ta kawo, wuyan ya zame ta hagu, a hankali, zuwa inda na kowace riga ke tsayawa. Ta mayar da shi da gefen haɓa. Bayan baƙin sun fita ta ce wa ƙanwata, tana kallon bango, "Ki ce wa waccan ta yi kyau." Sannan ta ce, "Miƙo mini fil a kan taga."

Yanzu ina aiki a wani shago a Suk al-Arabi, ina rage tsawon abayoyin da ake shigowa da su daga ƙetare. Ta ƙofar shagon ina hango tashar da Ustaza ke tura mu. Bayan mutane na wucewa daga safe har yamma, wani lokaci in gwada karanta ɗaya, in kasa. Bara wata yarinyar unguwarmu ta shiga sashen namu. Na tambaye ta ko suna aiki a kan mutum-mutumi, ta ce ba ta san an taɓa yi ba, ta roƙe ni in ara mata shiftata domin tambayoyin ba sa canzawa. Na ba ta. Bayan Inna kuwa ya ƙara tanƙwarewa tun daga lokacin, ko da audugar nan ta dawo yau, ba siffarta ba ce kuma.

Abin da aka rasa: malama ɗaya, ɗakin aiki ɗaya, mutum-mutumi goma sha huɗu, damuriya guda da fil ɗinta a jiki, shuɗin yadi na riga ɗaya.